Hauka ne ko lissafi? Fashin baƙi kan masu mai da jirgin ruwa gida su ƙetare teku

A watan Mayun 2025 wani matashi Ba'amurke ya cika TikTok da Instagram. Ya ajiye aikinsa, ya tattara abin da ya tara ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya tashi daga jihar Oregon zuwa tsibiran Hawai, daga shi sai kyanwarsa. Tun daga nan irin waɗannan bidiyoyi ba su daina faɗowa wayoyin samarinmu ba. Wani dare bayan isha'i, muna zaune a ƙofar gida, ɗan yayana ya miƙo mini waya ya ce, "Baffa, dubi wannan. Ba haya, ba kuɗin wuta, ba kuɗin mai, iska ce take kai shi. Ashe ko Turai mutum zai iya zuwa a haka?" Wani dattijo da ke gefe ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan jefa kai ga halaka ne kawai."

Tambayar ke nan. Mutumin da ya mai da jirgi gida, ya nufi ruwan da za a yi sati uku ba a ga ƙasa ba, ya sami rayuwar kyauta ne, ko ya sayar da ransa? Ni dai ina ganin dukansu biyu sun kauce, sai dai kuskuren yaron ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne irin wanda yake kashe mutane.

Wane irin jirgi ake nufi?

A Kano in aka ce jirgin ruwa, abu biyu ne ke faɗo wa mutum a rai: kwale-kwalen da ake fito da shi a Tiga ko Bagwai, ko ƙaton jirgin kwantena da ke sauke kaya a Apapa. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Tsawonsa yawanci mita 10 zuwa 13, faɗinsa bai wuce mita 4 ba. A cikinsa akwai gadaje, ɗan kicin, banɗaki da teburi, duka a filin da bai fi ɗaki da falo ba. A samansa akwai dogon ginshiƙi da wayoyin ƙarfe suka riƙe, a jikinsa ake ɗaga manyan ƙyallaye masu kauri da iska ke cikawa. Akwai ƙaramin injin dizal, amma na shiga tasha ne da fita, man da ke tankinsa ba zai kai shi rabin teku ba.

Sirrin jirgin yana ƙarƙashin ruwa, inda bidiyo ba ya nunawa. A gindinsa an ɗaure wani faffaɗan ƙarfe ko dalma da yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya. In iska ta kwantar da shi gefe, wannan nauyin ne yake miƙar da shi. Kwale-kwale ba shi da wannan, shi ya sa in mutane suka karkata gefe guda yake kifewa. Wannan ƙarfen ne kuma yake ba jirgin damar yanka iska a karkace, kusan digiri 45 daga inda take tahowa. Fuskantar ta kai tsaye kam ba ya yiwuwa, sai dai ya yi dama ya yi hagu kamar jakin da ke hawan tudu da kaya.

Gudunsa kilomita 9 zuwa 11 ne a awa. Mai keke yana iya wuce shi. Bambancin shi ne ba ya tsayawa, dare da rana.

Hunturunmu ne yake tura su

Hanyar da aka fi bi wajen ƙetare Atlantika tana farawa daga tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya, da ke gefen Maroko, ta ƙare a tsibiran Karibiyan. Daga birnin Las Palmas na Kanari zuwa tsibirin Saint Lucia na Karibiyan mil 2,700 ne na teku, wato kusan kilomita 5,000, kamar a yi Kano zuwa Legas sau biyar. Yakan ɗauki kwana 18 zuwa 21. Tun 1986 ake shirya wani ayari mai suna ARC da ke tashi daga Las Palmas a ƙarshen kowane Nuwamba, jirage fiye da ɗari a tare, kuma ba a barin jirgi ya shiga sahu sai an duba kayan cetonsa ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa Nuwamba? A nan ne maganar ta shigo gidanmu. Iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu, mai busar da leɓe, mai rufe Dala da hazo, ita ce dai take wucewa ta Senegal ta faɗa teku ta ci gaba da kaɗawa yamma. Ita ke cika ƙyallayen jiragen nan ta baya. Matuƙan da suka ratsa kusa da tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal sukan wayi gari su tarar da jar ƙura ta manne a igiyoyinsu, irin wadda matan gidanmu ke sharewa a tsakar gida. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a Chadi, kuma wata takan kai har dajin Amazon.

Damina kuma ita ce lokacin da ba a tafiya. Hadarin da ke haɗowa daga gabas ya zubar mana da ruwa ba ya ƙarewa a kanmu. Yana ci gaba yamma, in ya hau ruwan teku mai ɗumi wani yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwar da muke ji ta rushe garuruwa a Amurka. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Don haka mai hankali yana jira ta wuce.

Bakano bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Fataken da suka riƙa ɗaukar kayan Kurmi zuwa Agadas, Gat da Gadamas, ko masu zuwa Gwanja sayo goro, ba ranar da suka ga dama suke tashi ba. Madugu yana jiran lokaci, ya san zango, ya san rijiya, ya ƙirga salka. Wanda ya ƙetare teku da ƙaramin jirgi jikan madugu ne a tunani, ko bai taɓa jin sunansa ba.

Ruwa ko'ina, na sha a ƙirge

In an tambaye ni abu ɗaya da ya raba mai shiri da mai ganganci, zan ce ruwan sha. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya fitar da wannan gishiri sai ta kashe ruwan da ya fi wanda aka sha, don haka mai shan sa yana ƙara wa kansa ƙishirwa ne har ya mutu.

Mu yi lissafi irin na gida. Mutum huɗu, kowa lita 5 a rana don sha da girki. Ba a lissafa kwana 20, ana lissafa 30, saboda iska tana iya kwantawa, ginshiƙi yana iya karyewa. Hakan ya ba da lita 600, wato jarka 24 mai lita 25. Duk wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya san gida mai mutum huɗu zai shanye wannan cikin 'yan kwanaki. A teku shi ne na wata guda. Wanke-wanke da ruwan gishiri ake yi, a ɗauraye da ɗan kofi na ruwan daɗi. Wanka ma haka. Kuma ba a zuba ruwan duka a tanki ɗaya, domin in ya huje ko gishiri ya shige shi an rasa komai a dare ɗaya. Ana raba shi, wani a tanki, wani a jarkoki da aka ɗaure da igiya.

Akwai injin tace ruwan teku, mai matsa ruwa ta cikin matata da ƙarfi, dangin wanda masana'antun fiya wata ke amfani da shi a nan. Yana da amfani ƙwarai, amma tsofaffin hannu ba sa dogara da shi. Inji ne, yana cin wuta, yana lalacewa. Ƙa'idarsu ita ce a ɗauki ruwan da zai kai mutum ko da injin ya mutu a ranar farko.

Abinci ya fi sauƙi, kuma a nan Bahaushe ya riga kowa. Shinkafa, wake, garin rogo, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, kuka, busasshiyar kuɓewa, duk guzurin da ba ya buƙatar firij ne. Albasa, dankali da kabeji sukan kai makonni in an rataye su a raga iska na ratsa su. Lemon tsami dole ne a doguwar tafiya, domin rashin sinadarin da ke cikinsa ne ya riƙa zubar da haƙoran matuƙan zamanin da ya kashe su da yawa kafin a gano maganin. Ba a shiga da kwali cikin jirgi, saboda kyankyaso yana ɓoye ƙwansa a ciki. Murhun girki kuwa a rataye yake a kan ƙusa biyu, yana lilo, don jirgi ya karkata tukunya ta zauna daidai, kuma ita ma tukunyar a maƙale take da ƙarfe. Tukunyar gas a waje ake ajiye ta, a akwati mai hujin da ke fitar da iska teku, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a ciki gindin jirgi yake sauka ya taru yana jiran ƙyastu.

"Ba haya, ba kuɗin wuta"

Iska kyauta ce, amma abin kama ta ba kyauta ba ne. Tsohon jirgin da ya cancanci shiga babban teku yana cin dubban daloli masu yawa kafin a fara gyara. Masu harkar suna da wani lissafi da suke maimaitawa: kowace shekara a ware kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin jirgi don kula da shi. Gishiri yana cin ƙarfe, rana tana cin ƙyalle, gansakuka da ƙwarin ruwa suna manne wa gindi sai an ɗaga jirgi an kankare an sake fenti. Wayoyin da suka riƙe ginshiƙi akan canja su kusan duk shekara goma ko da ido bai ga aibi ba. Tsayawa a tashar ƙananan jirage kuma haya ce, ana biya gwargwadon tsawon jirgi. Wanda ba ya son biya sai ya jefa anka a nesa da gari, ya riƙa jigilar ruwa da cefane a ƙaramin kwale-kwalen roba.

Wuta kam, duk wanda ya sa sola a gidansa ya san zancen. Faranti nawa, batir nawa, me za a kunna, me za a kashe da dare. Firij da na'urar da ke riƙe sitiyari su suka fi shan batir.

Sannan babu makanike a tsakiyar teku. Mai jirgi shi ne bakanike, shi ne mai gyaran famfo, shi ne tela, shi ne likita. Shi ya sa masu hankali sukan shekara ɗaya ko biyu suna zaune a cikin jirgin a bakin gaɓa kafin su tashi, suna kwance kowane abu suna mayarwa, suna fita tafiyar kwana ɗaya, sannan ta kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bidiyon minti ɗaya da yaro yake kallo ba ya nuna masa waɗannan shekarun, hangen Dala ne kawai, ba shiga birni ba.

Dare

Jirgi ba ya fakin da magariba. Dokar hana karo ta duniya, ta 1972, ta wajabta a sami mai sa ido a kowane lokaci, don haka ana yin gadi karɓa-karɓa, awa uku ko huɗu. Ka ɗauka ƙarfe biyun dare ne, abokin tafiya ya taɓa ƙafarka. Ka tashi a gadon da aka kare gefensa da ƙyalle don kada ka faɗo, ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ka maƙala igiyar da ke ƙirjinka a jikin jirgi tun kafin ka fitar da ƙafa. Duhu ya haɗe sama da ƙasa. Aikinka ka juya ido ko'ina duk bayan mintoci kaɗan, saboda jirgin kwantena yana iya isowa kanka cikin ƙasa da minti 20 daga lokacin da fitilarsa ta ɓullo, kuma mai yiwuwa bai gan ka ba. Ka kuma lura da baƙin gajimare a baya. In ya taho da iska, dole a rage ƙyalle kafin ya iso, ba bayan ya iso ba.

Igiyar ƙirjin nan ita ce rai. Jirgin da ke gudun kilomita 11 a awa yana barin wanda ya faɗa ruwa da kusan mita 183 a cikin minti ɗaya. Kan mutum a cikin taguwar ruwa da dare bai fi ƙwarya ba. Masu tafiya su kaɗai kuwa barcinsu minti ashirin-ashirin ne da agogo mai ƙara, kuma ko a cikin matuƙa akwai masu ganin wannan ya saɓa wa waccan doka.

Kwana biyu ko uku na farko yawancin mutane jiri da amai suke sha, sannan jiki ya saba. Abin da ba ya sabuwa da sauƙi shi ne zama da mutum uku a ɗaki ɗaya, ba ƙofar fita, kowa da bashin barci. Tafiye-tafiye da dama rashin jituwa ne ya wargaza su, ba guguwa ba.

In abu ya ɓaci akwai kwale-kwalen ceto mai hura kansa, da na'urar da ke aika wa tauraron ɗan Adam sunan jirgi da inda yake. Amma helikofta ba ya kaiwa tsakiyar Atlantika, sai a roƙi jirgin kaya mafi kusa ya karkato, wanda zai iya ɗaukar kwana ɗaya ko fiye. A 1982, wani Ba'amurke mai suna Steven Callahan ya yi kwana 76 a irin wannan kwale-kwale bayan jirginsa ya nutse yamma da Kanari. Abin da ya riƙe shi, bayan ikon Allah, kayan tace ruwa ne da mashin kamun kifi da ya tanada.

Maganar dattijo

Dattijon nan bai yi magana a banza ba. Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa ga halaka, kuma tarihin harkar yana da gawawwaki. A gasar farko ta zagaya duniya mutum shi kaɗai ba tsayawa, mutum tara suka tashi a 1968, ɗaya ne ya kammala, Robin Knox-Johnston na Ingila, bayan kwana 312. Masu suka kuma suna da wata hujja mai ƙarfi: wanda ya fita don nishaɗi, in ya shiga uku, wasu ne za su sa ransu a haɗari don ceto shi.

Sai dai Musulunci bai ɗauki teku a matsayin haramtaccen wuri ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wani mutum ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi za su yi ƙishirwa, ko su yi da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Matsalar jarka 24 ce aka kawo tun wancan zamani, kuma ba a ce masa ya daina hawa ba. Ahmad ibn Majid, gwanin tekun Indiya a ƙarni na 15, da taurari da lokutan iska ya yi aiki. A Afrilun 2023 Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu ta lashe gasar zagaya duniya da aka hana amfani da GPS, na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan Adam, bayan ta karkata hanya ta ceto abokin takararta da jirginsa ya nutse. A wurina, abin da ke raba ganganci da tafiya shi ne ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Wanda ya jira lokaci, ya ƙirga ruwa, ya koyi aiki, ya ɗaure nasa.

Ɗan Najeriya fa?

Teku ba ta goge biza. Jirgi in ya isa wata ƙasa yana ɗaga tuta ruwan ɗorawa, shugaban jirgin ya kai fasfo da takardun jirgi wurin kwastan da shige da fice kafin kowa ya taka gari. Kanari ƙasar Sifaniya ce, sai da bizar Turai. Cape Verde tana cikin ECOWAS, ta fi mana sauƙi. Tashi daga Legas kuwa wahala ce ninki biyu: iska da igiyar ruwan mashigin Gini suna tura jirgi gabas ne, ga kuma matsalar 'yan fashi. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a wannan mashigi aka ɗauke su, ko da yake abin ya ragu sosai daga baya.

Saurayin da teku ta shiga ransa da gaske yana da ƙofa. Ya fara koyon iyo. Akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta tarayya a Oron, jihar Akwa Ibom. Yawancin masu ƙetare teku ma ba da jirginsu suka fara ba, a jirgin wani suka yi aiki.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye

Tambayar ɗan yayana ta biyu, ta zuwa Turai, ita ta hana ni barci. A ruwan nan da ayarin ARC ke bi, wasu jiragen suna tafiya ta ɗaya fuskar. Kwale-kwalen masunta ne daga Senegal, Gambiya da Muritaniya, cike da matasan Afirka ta Yamma, suna nufin Kanari. A 2024 sama da mutum 46,000 suka isa tsibiran ta wannan hanya. Daga Senegal kusan kilomita 1,500 ne, kuma suna fuskantar iska da igiyar ruwa ne, da inji. In mai ya ƙare ko injin ya mutu, iskar da ke kai masu nishaɗi Karibiyan ita ce take kwasar su yamma, ba ƙyalle, ba ruwan wata guda, ba na'urar kiran ceto. A Mayun 2021 masunta a Tobago sun tsinci irin wannan kwale-kwale cike da gawawwaki, bincike ya nuna daga Muritaniya ya taso. A Afrilun 2024 an tsinci wani a gaɓar Birazil da gawa tara. A 2023 kuma 'yan Najeriya huɗu sun maƙale a bayan wani jirgin kaya daga Legas, a saman ƙarfen da ke juya shi, suna zaton Turai za shi. Kwana 14 suka yi, guzurinsu ya ƙare a rana ta goma, aka sauke su a Birazil.

Ba ma sai mun je teku ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙan su. An ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima. Mutanen da dattijon nan ya kira masu ganganci ba sa barin tasha sai kowane kai yana da rigar ruwa da aka gwada masa, kuma an san adadin da jirgi zai ɗauka. Mu kuma muna sa 'ya'yanmu a kwale-kwale babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Na mayar wa yaron wayarsa na ce masa in yana son teku zan taimaka masa ya nemi Oron, amma ya fara da iyo. Na kuma sa ya yi mini alƙawari cewa ko Tiga ya je da abokai, ba zai taka kwale-kwale ba sai ya ƙirga mutanen da ke ciki ya ga rigar ruwa a jikinsa. Ya ce, "To, Baffa." Dattijon ya ce wannan kam ya yarda da ita.